Tanadi Kafin Ambaliya da Gobara a Jihar Katsina: Tambayoyi da Amsoshi kan Kuɗin Haɗin Gwiwar Gwamnati da 'Yan Kasuwa

Waɗannan su ne tambayoyin da ake ta maimaitawa a rumfunan kasuwa, da majalisun bayan Isha'i, da tarukan ƙungiyoyin ci gaban unguwa, musamman idan hadari ya fara haɗuwa a gabas ko aka ji an yi gobara a wani wuri. An faro daga masu sauƙi. Mai sauri yana iya tsallakawa zuwa wadda ta dame shi.

Wai mene ne wannan haɗin gwiwa na gwamnati da 'yan kasuwa da ake ta faɗa?

Yarjejeniya ce a rubuce tsakanin gwamnati da wani kamfani, ko banki, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, a kan aiki guda. Kowa ya san abin da zai sa, da abin da zai samu, da asarar da za ta hau kansa idan abu ya lalace. A takardun gwamnati za ka ga ana rubuta PPP. A harkar tanadin bala'i, aikin yana iya zama yashe magudanan ruwa kafin damina, ko ajiye motar kashe gobara da tankin ruwa a cikin kasuwa, ko tanadin hatsi da tabarmi da magani a sito, ko tura saƙon gargaɗi ta waya ga mutanen da ke bakin gulbi.

Mutane kan rikita shi da kwangila ko gudummawa. Ɗan kwangila ya gama aiki, a biya shi, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Attajirin da ya zo jaje da tirela biyu ta shinkafa kuwa, Allah ya saka masa da alheri, amma ba wanda zai riƙe shi baɗi idan bai kawo ba. Haɗin gwiwa yana da wa'adi na shekaru, kuma wanda ya saɓa ana iya maka shi kotu.

Wane irin bala'i ne ma ake yi wa tanadi a nan Katsina?

Ruwa da wuta su ne a gaba. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan dare guda ya ci garin Jibiya, fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje da dabbobi suka tafi. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a babbar kasuwar Katsina ta cinye shaguna masu yawa. Bayan waɗannan akwai iska mai kwashe rufin kwano a farkon damina, da yankewar ruwa a tsakiyarta, da zaizayar ƙasa, da kwalara da ke biyo bayan ambaliya, da kwararowar hamada ta ɓangaren Daura, Zango, Mai'adua da Kaita. Katsina tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin babbar katangar bishiyoyi saboda wannan.

Sai madatsun ruwa: Zobe a Dutsin-Ma, da na Jibiya, da Ajiwa, da Sabke, da Mairuwa a yankin Funtua. Tun da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe unguwannin Maiduguri a watan Satumban 2024, duk mai hankali da ke zaune a ƙasan madatsa ya san gemun ɗan'uwansa ne ya kama da wuta. Duba lafiyar madatsa aiki ne na kowace shekara, kuma kuɗi yake ci.

Wannan ba aikin gwamnati ba ne? Me ya kawo ɗan kasuwa ciki?

Aikinta ne, babu ja. Dokar 1999 da ta kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta tanadi cewa jihohi su ma su sami nasu tsarin, shi ne SEMA da muka sani, hukumar agajin gaggawa ta jiha, kuma ana son kowace ƙaramar hukuma ta sami kwamitinta. Shigowar ɗan kasuwa ba ta sauke wa gwamnati wannan nauyi ba. Abin da ya kawo shi shi ne dukiyarsa ce ke fara ƙonewa, kuma sau da yawa yana da abin da ma'aikata ba ta da shi a hannu: tifa da katafila, sito, tankar ruwa, kanikawa, da al'adar gyara inji ranar da ya lalace ba tare da jiran fayil ya zagaya ofis bakwai ba.

Daga ina kuɗin gwamnati na wannan harka yake fitowa?

Na farko kasafin kuɗin jiha, wato abin da majalisar dokoki ta amince a ba SEMA, da hukumar kashe gobara, da ma'aikatun muhalli, ayyuka da lafiya. Na biyu asusun muhalli, wanda ma'aikata ke ce wa kuɗin ikoloji. An kafa shi a 1981, kuma ana cire shi ne daga asusun tarayya kafin kowa ya taɓa. A rabon da ake yi, gwamnatin tarayya tana da kashi 1 cikin 100, jihohi gaba ɗaya kashi 0.72, ƙananan hukumomi kashi 0.60. NEMA tana karɓar kashi 20 cikin 100 na rabon tarayya. Ma'ana Katsina da ƙananan hukumominta 34 suna da nasu kason da ke shigowa tare da kason wata.

Na uku kuɗin da ke zuwa daga waje, kamar na Bankin Duniya, wanda aka yi bayaninsa a tambayar bashi a ƙasa. Na huɗu shi ne tallafin gaggawa da tarayya kan saki bayan abu ya faru, kamar naira biliyan 17.6 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware bayan ambaliyar 2012. Wannan na ƙarshe ba a gina shiri a kansa, don ba a san ranar zuwansa ba.

To in akwai kuɗin ikoloji, me ya sa kullum ake cewa babu kuɗi?

Saboda kuɗin da ba a ɗaure shi da wani aiki ba, duk buƙatar da ta fi ƙarfin murya ita ke ɗauke shi. Kason yana faɗawa cikin babbar tukunya tare da sauran kuɗaɗe, ga albashi, ga fansho, ga matsalar tsaro da ta daɗe tana cin jihar. Yashe kwalbati a watan Afrilu ba shi da mai yi masa kuka, domin ranar ba wanda ruwa ya ci. Kuma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Wannan ciwo ne na kusan duk jihohin ƙasar nan.

Akwai kuma halinmu na son abin da ido zai gani. Rabon buhuna a gaban 'yan jarida yana da hoto, yana da godiya. Ambaliyar da ba ta faru ba saboda an yashe hanyar ruwa ba ta da hoto. Shi ya sa ake samun kuɗin ihu bayan hari cikin mako guda, a rasa kuɗin man dizal na motar kashe gobara wata shida. Ko sabuwar mota ma ta fi sauƙin samu a kan kuɗin canza mata taya, don ita ana yanke mata kyalle. A ganina duk wani haɗin gwiwar da za a yi, wannan ramin ya kamata ya fara cikewa: ƙananan kuɗaɗen yau da gobe da ke riƙe kayan aiki da rai.

Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi banza. Me zai samu?

Gara a faɗi wannan a fili tun farko, don haɗin gwiwar da aka gina a kan "saboda Allah" kawai ba ya wuce shekarar da aka yi bikinsa. Wani zai samu kuɗin aiki: gwamnati ta riƙa biyansa kowane wata muddin motar tana tashi, tankin yana cike. Wani zai karɓa daga masu amfana, kamar 'yan kasuwar da ke biyan wani abu a kan kowane shago. Wani kariyar dukiyarsa ce ribarsa, kamar mai sito cike da masara a Funtua ko Dandume wanda hanyar ruwa ɗaya ce tsakaninsa da karaya. Bankuna da kamfanonin waya kuma suna da kason da sukan ware don kyautata wa jama'a, su ma suna neman suna.

Bambancin wannan da titin da ake karɓar kuɗin shiga shi ne magudanar ruwa ba ta haifar da ko kwabo. Ba wanda zai tsaya bakin lambatu ya yanka tikiti. Don haka a yawancin ayyukan tanadi, ƙarshenta aljihun gwamnati ne ke biya, kamfani dai ya fara sa nasa ne ya jira. Duk wanda ya ce maka kamfani zai yi wa jiha magudanai kyauta, tambaye shi wane fili aka yi masa alkawari.

Wane aiki ne ya dace a ba kamfani, wane ne bai dace ba?

Abin da za a iya aunawa, a gani da ido: tsawon magudanar da aka yashe, yawan kwanakin da mota ta kwana da lafiya, buhu nawa ke sito kuma yaushe aka juya su. Hatsin ajiya misali ne mai kyau. Maimakon gwamnati ta sayi gero ta kulle shekara biyu ƙwari su cinye, sai a yi da babban ɗan kasuwar hatsi cewa kullum zai riƙe mata wani adadi a cikin kayansa, yana sayarwa yana mayarwa, ranar da aka nema ya fitar cikin kwana biyu. Rumbun tsimi ne irin na iyayenmu, sai dai wannan ba ya tsufa.

Abin da bai dace ba shi ne hukunci a kan mutane. Wa za a tasa daga hanyar ruwa, gidan wa za a rushe, sunan wa zai shiga jerin masu karɓar agaji, wannan na hukuma ne tare da masu unguwanni da hakimai, don su ake iya tuhuma. Haka kashe wuta da ceton rai: ba a tambayar mutum rasit alhali shagonsa na ci.

An taɓa gwada irin wannan a Najeriya ya yi aiki?

An gwada, wani ya yi kyau, wani ya bar darasi. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da muhallansu, an kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin Aliko Dangote da Olisa Agbakoba. A 2020, lokacin korona, manyan kamfanoni da bankuna tare da Babban Bankin Najeriya suka kafa CACOVID, suka tara fiye da naira biliyan 25 cikin 'yan makonni. Kuɗi ya taru da sauri ƙwarai. Amma a watan Oktoban shekarar mun ga yadda jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da kayan abinci jibge ba a raba ba. Kowa ya ba da nasa uzurin, amma amana ta riga ta zube. Kuma duka biyun bayan aukuwar abu aka yi su.

Wanda ya fi kama da tanadi shi ne asusun amana na tsaro da Legas ta kafa da doka a 2007. Kamfanoni da gwamnati suna zubawa, 'yan kasuwa suna da ƙarfi a kwamitin amintattunsa, yana sayen kayan aiki ya kuma gyara su, kuma duk shekara ana taro a bainar jama'a a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Katsina ba ta da tarin manyan kamfanoni irin na Legas, wannan gaskiya ne. Tsarin ne abin ɗauka.

Yaya irin wannan asusun amana zai kasance a Katsina?

Sai da dokar majalisar jiha, don abin da gwamna ɗaya ya kafa da baki, wanda ya gaje shi kan rushe shi da shiru. Dokar ta faɗi kason da jiha za ta riƙa zubawa kowane wata daga kuɗin ikoloji kai tsaye, ta faɗi abin da aka yarda a kashe kuɗin a kai, ta kuma hana a kwashe abin da ya rage a ƙarshen shekara a mayar baitulmali. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da muhimmanci, don shekarar da aka samu sauƙi ita ce ta tara wa shekarar wahala. A kwamitin a sami wakilan 'yan kasuwa da su suka zaɓi abinsu, da masarautun Katsina da Daura, da injiniya, da akanta mai zaman kansa, da mata, tunda su ne ke zama da yara a makarantar firamare idan gida ya faɗi.

Gwamnati ce za ta fara zubawa. Na taɓa zama a wani taron neman gudummawa inda wani dattijon ɗan kasuwa ya saurari jawabi har ƙarshe, sannan ya gyara hularsa ya ce wa jami'in da ya zo, "Ranka ya daɗe, ku nawa kuka sa? Ku nuna mana takardar banki, in kun sa naira ɗaya mu sa naira ɗaya." Ɗakin ya yi tsit. Aka ce za a kawo takardar a zama na gaba. Ba a sake kiran zaman ba.

Mu 'yan kasuwa za mu iya yin namu a cikin kasuwa ba sai mun jira kowa ba?

Za ku iya, kuma nan ne lissafi ya fi saurin fita. A ɗauka, don misali kawai, kasuwa tana da shago 2,000, kowane yana ba da naira 1,000 a wata. Naira miliyan 2 ke nan a wata, miliyan 24 a shekara. Ba za ta sayi sabuwar motar kashe gobara ba, amma za ta riƙe rijiyar burtsatse da babban tanki, da tukwanen kashe wuta a kowane layi, da masu gadin dare da aka koya wa amfani da su, da mai gyaran wuta da zai riƙa bin wayoyi. Gwamnati kuma ta kawo mota da ma'aikata ta ajiye a bakin ƙofa. Kowa ya riƙe ɓangarensa a rubuce.

Sai dai akwai abin da kuɗi ba ya saye. Mota ko ta zo cikin minti biyar, idan an cike hanya da tebura da kwantena, daga waje za ta tsaya tana kallo. Haka jonin wuta barkatai da ajiye jarkar fetur ta janareto a cikin shagon atamfa. Shugabannin kasuwa da ke karɓar kuɗin nan dole su iya ce wa babban ɗan kasuwa, "Alhaji, a janye teburin nan," ya kuma janye. Kuɗin kuma ya shiga banki da sa hannun mutum uku, a liƙa lissafi a ƙofar ofis duk wata.

Ana ta maganar inshora. Ba haramun ba ce?

Malamai da yawa sun ƙi inshorar da aka saba saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Shi ya sa aka fito da takaful, inda mahalarta ke zuba kuɗi a matsayin taimakon juna, a biya wanda asara ta samu, kamfani ya ɗauki ladan kula, rarar da ta rage kuma tana iya komawa ga mahalarta. Hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanonin da ba sa yin komai sai shi. Kasuwa guda tana iya shiga a dunƙule, jiha ta ɗauki wani kaso na kuɗin a shekarun farko. Kamfanin da ya san shi zai biya idan wuta ta tashi, shi da kansa zai matsa a gyara wayoyi a buɗe hanya. Ga manoma akwai hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, wadda a tsarinta gwamnati ke ɗaukar rabin kuɗin wasu amfanin gona da dabbobi.

Gwamnati ma tana iya yi wa kanta. Tarayyar Afirka ta kafa wani tsari a 2012 mai suna ARC, inda ƙasa ke biyan kuɗi a farkon shekara, idan ma'aunin ruwan sama ya nuna an yi fari sai a biya ta ba tare da jiran a zagaya gonaki ba. A farkon 2015 ya biya Senegal, Mauritaniya da maƙwabciyarmu Nijar kimanin dala miliyan 26. Amfaninsa saurin biya. Aibinsa kuwa, ma'auni yana iya cewa ruwa ya isa alhali gonarka ta ƙone, ka tashi a tutar babu.

Zakka da waƙafi fa, za su iya shiga?

A bambance su. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina kwalbati ko a sayi mota da ita ba. Amma magidancin da ruwa ya tafi da gidansa da rumbunsa ya zama mabuƙaci, ana ba shi. Waƙafi shi ne ya dace da tanadi. Mutum ya tsayar da shaguna goma, ya ce kuɗin hayarsu har abada na kula da rijiya da tankin kasuwa ne, ko na yashe babbar hanyar ruwan unguwa. Muna yawan gina masallaci kusa da masallaci, alhali wannan ƙofar sadaka mai gudana tana nan a buɗe. Kafin a tsara, a zauna da malamai su duba sharuɗɗan.

Jiha za ta iya cin bashi don wannan?

Tana iya, kuma ga babban gini irin magudanar siminti mai tsawon kilomitoci kusan dole ne. Jiha ba ta karɓo bashin waje da kanta sai ta hannun gwamnatin tarayya, kuma daga kasonta na wata ake cirewa tun daga Abuja. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a watan Disamban 2021 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ya shafi farfaɗo da ƙasa da kula da ruwa. Kafin shi an yi NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa. Mutane kan ce "Bankin Duniya ya ba mu." Rance ne mai sauƙin sharaɗi, 'ya'yanmu za su biya.

A cikin gida akwai sukuk, wanda ba kuɗin ruwa a cikinsa, masu kuɗi ke saye su sami rabo daga hayar kadarar da aka gina. Jihar Osun ta fitar da na naira biliyan 11.4 a 2013 don gina makarantu, tarayya kuma ta fitar da na biliyan 100 a 2017 don hanyoyi. Ka'idar dai ita ce a ci bashi don abin da zai shekara talatin yana aiki, ba don shinkafar rabo ba. Kuma ranar da ake lissafin gini a lissafa kuɗin yashewa na kowace shekara, in ba haka ba magudanar biliyoyi za ta koma bola.

Me zai hana a ce kamfani ya yi aikin a cire masa daga haraji?

Tarayya ta yi haka da hanyoyi a ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007 na 2019. Amma harajin ribar kamfanoni na tarayya ne, jiha ba ta da ikon yafe shi. Abin da ke hannunta shi ne kuɗin ƙasa, da lasisin wurin sana'a, da makamantansu, kuma ba su da yawan da za su gina babban aiki. Za su iya isa ga ƙarami, kamar gidan mai ya gina kwalbatin da ke gabansa yadda injiniyan gwamnati ya zana. A tuna kawai harajin da aka yafe kuɗin jama'a ne, sai an auna aikin kamar yadda za a auna na ɗan kwangila.

Yaya za mu gane yarjejeniyar da aka shirya don a cuce mu?

Alama ta farko ɓoyo. Idan ba a yi talla an yi takara ba, ba a san masu kamfanin ba, kuma aka ce takardar sirri ce, to ruwa ba ya tsami banza. Ta biyu biyan kuɗi gaba ɗaya a farko. Ta uku a ba kamfani fili ko kasuwa na shekara talatin a madadin aikin wata uku. Ta huɗu rashin hukunci: an rubuta abin da gwamnati za ta biya dalla-dalla, ba a rubuta abin da za a cire ba idan mota ta kwana ba ruwa. Dokar 2005 da ta kafa ICRC, hukumar da ke sa ido kan irin wannan haɗin gwiwa, ta shafi ayyukan tarayya ne, don haka a jiha dokokin jihar da idon 'yan majalisa da na jama'a su ne mai gadi.

Wani lokaci cutar a cikin kalma ɗaya take. A unguwarmu an taɓa turo masu yashe lambatu ana saura kwanaki ruwa ya sauka. Sun yi aiki tsakaninsu da Allah, suka fito da yashi da leda da baƙin taɓo suka tara a bakin hanya, tsibi-tsibi har ƙofar gidaje. Muka tambayi shugabansu yaushe tifa za ta zo. Ya ce, "Baba, mu yashewa aka ce, ba a ce kwashewa ba." Ruwan farko da aka yi da daddare ya mayar da komai inda ya fito, har da ƙari.

Ina matsayin ƙaramar hukuma da mai unguwa a cikin wannan duka?

Su ne suka san kududdufin da aka cike aka yi gini a kai, da gidan ƙasar da ba zai ga ƙarshen Agusta ba. Jihar tana da mazaɓu 361, ba ofishin da ke cikin birni da zai san wannan. Ƙananan hukumomi suna da nasu kason ikoloji kamar yadda aka faɗa a tambayar tushen kuɗi, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, don haka tambayar shugaban ƙaramar hukuma ina kuɗin nan ba rashin kunya ba ce. A wannan mataki haɗin gwiwar ba ya buƙatar lauya daga Legas: ƙaramar hukuma ta ba da mai, mai gidan bulo ya ba da tifa, matasa su fito aikin gayya, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da na Red Cross su sami horo da kayan aiki. A rubuta a takarda ɗaya, hakimi ya sa hannu a matsayin shaida.

A wane wata ya kamata kuɗin ya fito?

Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar kula da ruwa ta NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin yashe magudanai ya kamata ya kasance a hannu a Maris, a gama aiki a Mayu, a fara da kudancin jihar, su Funtua da Malumfashi, tunda can ruwa ke fara sauka. Kayan sito da maganin kwalara su isa kafin Yuli. Duba wayoyin kasuwa da cika tankuna kuma a Oktoba da Nuwamba, kafin hunturu ya busar da komai.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa asusun amana ya fi kasafin shekara dacewa da harkar, don sakin kuɗin kasafi yakan makara har damina ta yi nisa. Ana iya rubuta wa asusun sharaɗi tun farko: da zarar sunan ƙaramar hukuma ya fito a jerin NIHSA, kasonta ya fita cikin mako biyu ba tare da jiran sa hannun kowa ba, kuma a karanta adadin a rediyo da Hausa ranar da ya fita.